An ba ni gurbin karatun aikin jin daɗin jama'a, Baba ya ce ba karatu ba ne

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 19. Sau biyu ina zana JAMB ina neman karatun lauya, Allah bai yi ba. Bana jami'a ta ba ni gurbi, amma a wani kwas wai shi soshiyal wok, wanda aka ce mini aikin jin daɗin jama'a ne. Baba ya ce wannan ba karatu ba ne, taimakon mutane ai kowa yana yi ba sai an biya kuɗin makarantar shekara huɗu ba. Ya ce in haƙura in sake zana jarrabawa, ko in nemi makarantar koyon jinya. Yayana kuma dariya yake mini, wai ƙarshenta rabon shinkafa zan yi a sansanin 'yan gudun hijira. Ni kaina ban san abin da ake koyarwa a ciki ba. Na gaji da zaman gida, ƙawayena duk sun yi nisa. In karɓa ko in bari?

Ɗiyarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ra'ayina shi ne ki karɓi gurbin nan. Sai dai ba na so ki karɓa don kawai kin gaji da wanke-wanke da shara, ba na kuma so ki shiga jami'a mahaifinki yana jin an fi ƙarfinsa. Saboda haka sai kin fara sanin abin da za ki karanta, har ki iya bayyana masa da bakinki.

Maganar Baba tana da tushe, kada ki raina ta. Ya tashi ya ga maraya yana komawa hannun kawu ko gwaggo, ya ga mai unguwa da liman suna sasanta ma'aurata a zaure, ya ga zakka da gayya da adashi suna rufa wa mutane asiri, kuma babu wanda ya nemi takardar shaida kafin ya yi ko ɗaya daga ciki. Dole ya tambaya me jami'a za ta ƙara. Ba shi ne ma farkon mai wannan tambaya ba. A 1915 masu wannan aiki a Amurka sun gayyaci Abraham Flexner, mutumin da rahotonsa ya gyara tsarin karatun likita a ƙasar, zuwa taronsu a Baltimo domin ya faɗa musu ko aikinsu ya kai a kira shi sana'ar ƙwararru. Ya tsaya a gabansu ya ce bai kai ba, domin a ganinsa ba su da wata hanyar aiki tasu ta kansu da za a iya koya wa ɗalibi. Maganar ta yi musu zafi, amma ta zaburar da su. A 1917 Mary Richmond ta fitar da littafinta Social Diagnosis, inda ta tsara yadda ake binciken halin da mutum yake ciki: wa za a tambaya, yaya za a auna abin da maƙwabci ya faɗa da abin da dangi suka faɗa, yaya za a bambanta abin da aka gani da abin da aka zata. Har yau wannan binciken shi ne ƙashin bayan aikin.

Asalin abin daga biranen Ingila da Amurka ne, lokacin da masana'antu suka kwaso mutane daga ƙauye suka cusa su a unguwannin da ba dangi ba mai unguwa. Masu ba da sadaka sun yi yawa a Landan, amma wani ya karɓa wuri biyar, wani kuma yunwa ta kashe shi a ɗaki ba wanda ya sani. A 1869 aka kafa wata ƙungiya ta tsara ayyukan agaji, wadda ta ce kafin a ba mutum komai sai an je gidansa an gani, an rubuta, an kuma koma an duba abin da ya biyo baya. Suna da aibinsu, domin sun riƙa raba talakawa gida biyu, wai waɗanda suka cancanci taimako da waɗanda suka jawo wa kansu. Wasu kuma suka bi wata hanya: suka tare a cikin unguwannin talakawan suka zauna tare da su, kamar yadda aka yi a gidan Toynbee Hall a Landan a 1884 da gidan Hull House da Jane Addams ta buɗe a Shikago a 1889. Zaman ya nuna musu cewa yawancin talaucin ba lalaci ba ne, ƙarancin albashi ne da cunkoson gidaje da sa yara aikin ƙarfi, sai suka koma neman a canza doka. Matan Hull House suna cikin waɗanda suka matsa har aka buɗe kotun yara ta farko a Shikago a 1899, ita kuma Addams ta samu kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1931. Waɗannan hanyoyi biyu, bin mutum ɗaya-ɗaya da neman gyaran tsarin da ya jefa shi cikin wahala, su ne za ki ga malamanku suna ta kai-komo a tsakaninsu har ki gama.

A Najeriya aikin gwamnati na wannan fanni ya fara ne a Legas lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da yara marasa galihu suka cika tituna. Wani Bature mai suna Donald Faulkner shi ya jagoranci ofishin jin daɗin jama'a na Legas a farkon shekarun 1940, kuma a 1943 aka yi dokar yara da matasa, wadda ta raba shari'ar yaro da ta babba. Daga baya ofisoshin suka bazu zuwa sauran ƙasar. A ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista da sa ido a kansu, irin yadda ake yi wa ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani. Wannan kaɗai ya isa ki nuna wa Baba cewa hukuma ba ta ɗauke shi aikin sa kai ba.

To me suke yi da safe idan sun je ofis? Bari in ba ki misali da asibiti, don nan ne aka fi ganin bambancin. A ce yarinya ce 'yar shekara 16 daga wani ƙauye, ta yi doguwar naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta samu yoyon fitsari. An kawo ta irin cibiyoyin nan na Babbar Ruga a Katsina ko na asibitin Murtala a Kano, likita ya yi mata aiki, ɗinki ya kama. A wurin likita magana ta kusa ƙarewa. Zai ce ta yi wasu watanni ba ta kusanci miji ba, kuma idan ta sake samun ciki a asibiti za ta haihu, galibi ta hanyar tiyata. Amma wa zai faɗa wa mijin wannan magana yadda zai karɓa? Yana nan ma kuwa, ko ya aiko mata da takarda tun tana kwance? Idan gidan iyayenta za ta koma, akwai mai ciyar da ita? Uwar mijin da ta hana a kai ta asibiti da wuri, ita ce dai za ta sake yanke hukunci a haihuwa ta gaba? Kuɗin motar dawowa a duba ta fa? Yarinyar da ta yi watanni mutane suna toshe hanci idan ta wuce, har ta daina shiga taro, wa zai zauna da ita har ta yarda ta sake fita biki?

Duk waɗannan tambayoyin na ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ne. Za ta zauna da yarinyar ita kaɗai, ba gaban 'yar rakiya ba, don abin da za ta faɗa a gaban gwaggonta daban ne. Za ta rubuta abin da ta ji. Za ta nemi mijin ko uban, ta yi masa magana da ladabin da ba zai ji an ci masa fuska ba. Idan ta ga maganarta ba za ta shiga ba, ta san ta bi ta wajen dagaci ko limamin garin. Ta san wace ƙungiya ce ke koyar da ɗinki ko saƙa, wane asusu ne ke biya wa marasa hali kuɗin magani, wace takarda ake cikewa. Bayan an sallami yarinyar kuma ba ta rufe fayil ba, sai ta bi sawu ta ji ko abin da aka shirya ya tabbata. Mai tausayi zai iya ba yarinyar nan dubu biyar da atamfa, Allah ya saka masa. Amma idan ba a yi wancan aikin ba, bayan shekara biyu za a iya sake kawo ta da ciwon da aka riga aka ɗinke. Asibitoci sun daɗe da gane haka: tun 1895 asibitin Royal Free na Landan ya ɗauki Mary Stewart don irin wannan aiki, kuma manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan suna da sashensa.

Tunda lauya kika so zama, ki saurari wannan da kyau. Idan aka kama yaro ɗan shekara 13 ya saci waya a kasuwa, alƙali ba ya son ya yanke hukunci a kan satar kaɗai. Yana bukatar rahoto: ina iyayensa, yana makaranta ko an turo shi almajiranci ne ba mai duba shi, wa yake kwana da su, wannan ne karo na farko? Jami'in jin daɗin jama'a ne ke zuwa ya binciko ya rubuta, kuma rahotonsa yana da nauyi wajen ko a mayar da yaron gida a ƙarƙashin sa ido, ko a kai shi gidan horon yara. Haka batun riƙon yara bayan saki, da jaririn da aka tsinta, da kuɗin ciyarwa da uba ya ƙi bayarwa. Za ki karanta dokar haƙƙin yara ta 2003 da irin wadda jiharki ta yi, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a farkon 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ba za ki sa baƙar riga da hular gashi ba, amma kotu ba za ta zame miki baƙon wuri ba.

Sauran karatun ya haɗa da ilimin zamantakewa, da ilimin halayyar ɗan Adam tun daga yarinta har tsufa, da manufofin gwamnati kan walwalar jama'a, da hanyoyin bincike. Akwai ɗan lissafin ƙididdiga a ciki, kada ki ce ban faɗa miki ba. Za a koya miki aiki da mutum ɗaya da iyalinsa, da aiki da rukuni kamar masu fama da shaye-shaye da ke haɗuwa duk mako, da aiki da unguwa ko gari gaba ɗaya. Sannan akwai fita aikin gwaji, inda za a tura ki asibiti ko gidan marayu ko gidan gyaran hali ki yi aiki a ƙarƙashin wanda ya daɗe a ciki. A nan ne ake gane wanda zai iya. Kafin ki biya kuɗin rajista ki tambayi ɗaliban sashen ko ana fitar da su da gaske, domin sashen da ke ba da digirin nan a kan allo kaɗai ya cuci ɗalibansa.

Yanzu ga ɓangaren da ba za ki ji daɗinsa ba. Ba a yin arziki da wannan aiki. Albashin ma'aikatar jiha kin san yadda yake, kuma ɗaukar ma'aikata ba kullum ba ne. Za ki iya samun ofishin da jami'i ɗaya ke riƙe da fayil fiye da ƙarfinsa, ba mota ba kuɗin mai, ziyarar gida sai dai ya hau acaɓa da kuɗinsa. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje sun fi biya, musamman a Borno da Yobe da Adamawa, amma aikinsu na kwantiragi ne, yana tafiya da kuɗin da aka ba su. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, a 2025, ma'aikata da yawa sun wayi gari ba aiki. Wannan gaskiya ce, kuma idan Baba ya kawo ta kada ki musa. Abin da za ki ce shi ne lauyoyi ma ba duka ke samun aiki ba, kuma ƙofofin nan ba ɗaya ba ne: asibitocin koyarwa, asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, ma'aikatun mata da walwalar jama'a, hukumar gidajen gyaran hali, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, hukumomin zakka da na agajin gaggawa, da koyarwa idan kin ƙara karatu.

Kina da wani jari kuma da ba ki lissafa ba. Ke mace ce mai jin Hausa, wadda ta san yadda ake sallama a shiga gida, ta san ba a kiran sunan miji gatsau, ta san idan mace ta ce "ba komai" sau da yawa akwai komai. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, namiji ko digiri nawa gare shi a zaure zai tsaya. Ke har ɗaka za ki shiga. Yawancin waɗanda suka fi bukatar wannan aiki a Arewa mata ne da yara da ke bayan wannan ƙofar.

Abin da ya fi damuna game da ke ba albashi ba ne, hali ne, kuma ke kaɗai kika san amsar. Kina iya riƙe sirri? Ba ina nufin sirrin ƙawa ba. Ina nufin ki san cewa 'yar gidan wane da ake shirin bikinta an taɓa yi mata fyaɗe, ki haɗu da uwarta a gidan suna ku gaisa, ki dawo gida Umma ta tambaye ki labarin aiki ki ce lafiya lau. A garuruwanmu da kowa ya san kowa, kalma ɗaya daga bakinki za ta iya kashe aure ko ta sa a kori yarinya daga gida. Kina iya sauraron mutum ya yi ta magana ba ki katse shi da wa'azi ba? Kina iya jure mace ta zo miki da kumburarren ido, ki nuna mata duk hanyoyin da take da su, ta ce ta ji ta gode amma za ta koma ɗakinta saboda 'ya'yanta? Ƙa'idar aikin ita ce babban mutum mai hankali shi ke yanke wa kansa hukunci. Naki shi ne ki tabbatar ta san inda za ta je da wanda za ta kira idan abin ya sake faruwa, ki kuma bar mata ƙofa a buɗe ba tare da gori ba. Inda rai ke cikin haɗari ko ana cutar da ƙaramin yaro ne kawai ƙa'idar aikin ta ɗora miki ki ɗauki mataki ko ba a so.

Wannan ikon ma abin tsoro ne. A Ostireliya da Kanada hukumomin walwala sun taɓa raba dubban 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu da sunan ceto su, har sai da firaministan Ostireliya Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa a 2008. Waɗanda suka yi aikin da yawansu suna ganin alheri suke yi. Shi ya sa nake cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba, kuma shi ya sa ake zaunar da mutum shekara huɗu ana koya masa ya yi shakkar zatonsa kafin ya taɓa rayuwar wani.

Za kuma ki koyi ja wa kanki layi. Sabbin shiga sukan raba albashinsu ga masu zuwa ofis, su ba kowa lambar waya, a riƙa kiransu tsakar dare, kafin shekara ta zagayo sun gaji sun tsani aikin. Wanda ya daɗe a ciki ya san ana barin wasu abubuwa a ofis, kuma ya san yana bukatar na gaba da shi da zai riƙa zama da shi suna duba fayilolin da suka yi masa nauyi.

Ga abin da nake so ki yi cikin makon nan, kafin wa'adin karɓar gurbin ya wuce. Ki je babban asibitin da ya fi kusa da ku ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya, ko ki je sakatariyar ƙaramar hukuma ki nemi sashen jin daɗin jama'a. Ki gaishe su, ki ce an ba ki wannan kwas kina so ki ji daga bakinsu. Ba za su bar ki ki zauna a kan maganar mutane ba, kuma daidai ne, amma za su faɗa miki yadda ranarsu take da abin da ke hana su barci. Idan da hali ki ja yayan nan naki mai dariya ya raka ki. Rabon shinkafar da yake rainawa ma, a sansani akwai wanda aikinsa shi ne ya gano yaran da suka rabu da iyayensu a gudu, ya bi diddigi har a sada su da danginsu. Ya ji wannan daga bakin mai yi.

Sannan ki samu Baba lokacin da hankalinsa yake kwance, ba yana dawowa daga kasuwa ko ofis ba. Kada ki fara da "ƙawayena sun yi nisa", wannan ba hujja ba ce a wurin uba. Ki faɗa masa inda kika je da abin da kika ji, har da batun ƙarancin albashin. Idan ya koma kan cewa taimako ba a karɓar kuɗi a kansa, ki tuna masa cikin ladabi cewa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, cikin rukunin mutane takwas da aka ce a ba zakka har da ma'aikatan da ke aiki a kanta. Ke nan tun farko an san kula da mabukata aiki ne da ke cin lokacin mutum, kuma mai yin sa yana da haƙƙi. Idan kina jin nauyin faɗa masa da kanki, ki bi ta wajen Umma ko wani kawu da yake jin maganarsa.

Shawararsa ta makarantar jinya kuma ba ta banza ba ce, aikin jinya ya fi saurin samuwa. Idan kika je asibitin kika ga zuciyarki ta fi karkata ga masu fararen kaya, ki faɗa masa haka, ki bi ta can ba tare da jin kin faɗi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki saki gurbin da ke hannunki ki zauna shekara ta uku kina jiran lauya. Kada kuma ki shiga da niyyar za ki sauya zuwa sashen shari'a bayan shekara ɗaya, domin gurbin can a cike yake kuma ba kasafai ake bari ba. Idan har bayan kin gama son lauyan bai sake ki ba, mai digiri yana iya neman shiga karatun shari'a kai tsaye ba sai ya sake zana jarrabawar farko ba, kuma lokacin kin riga kin san kotun iyali ciki da waje.

Idan Baba ya amince, ki shiga shafin JAMB ki karɓi gurbin tun kafin a rufe, ki buga takardar shaidar ki adana. Ki rubuto mini yadda kuka yi da shi. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri, ki gaida Umma.